In'ina a Wurin Manya: Atisayen Gida ko Zuwa ga Gwani?

Masana sun ƙiyasta cewa cikin kowane manya 100 akwai mutum 1 mai in'ina, kuma maza sun ninka mata kusan sau 4. Wanda ya tashi da ita tun ƙuruciya zai iya taimakon kansa: ya riƙa karatu a bayyane kullum, ya rage saurin magana, ya fara kalma a hankali tare da fitar numfashi. Amma shi kaɗai da wuya ya gane inda maganarsa ke maƙalewa, kuma tsoron jama'a kan sa shi guje wa wasu kalmomi. A nan ne gwanin gyaran magana yake da amfani. Sarkin Ingila George na Shida ya fara zuwa wurin Lionel Logue a 1926, kafin ya hau gadon sarauta, yana haɗawa da atisaye a gida.

Sai dai a kula. Idan magana ta sarƙe wa babba farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. Wannan ba na atisaye ba ne. Asibiti za a kai shi nan take.