Darasi A Kan Taya: Don Me Farin Rubutu Yake Komawa Ruwan Ƙasa?

'Yan'uwa manoma, wasu ƙungiyoyinmu sun sayi a-kori-kura don kai masara da shinkafa kasuwa. A jikin wasu tayoyin akwai manyan baƙaƙe farare tas. Bayan 'yan watanni sai farin ya rine, ya koma ruwan ƙasa. Direba ya ɗauko tsumma da fetur ya yi ta dirza, da nufin gyara. Nan ne ɓarna take farawa. Bari mu duba dalili.

Farin nan ba fenti ba ne. Farar roba ce aka shimfiɗa a cikin bangon taya, aka rufe ta da baƙa, sa'an nan aka kankare saman baƙaƙen don farin ya fito. Sabuwar taya takan zo da wani shuɗin shafi a kan rubutun. Wannan kariya ce kawai, ruwa da sabulu suna fid da shi.

Abu biyu ne ke rina farin. Na fari kowa ya san shi: jar ƙasa. Wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Kiru da Bebeji da damina, ko ya sauka daga kwalta a Tudun Wada zuwa gona, ba ya bukatar bayani. Na biyun kuwa daga cikin tayar yake fitowa. Masu yin taya suna cuɗa wani magani a cikin roba don kada ta tsattsage. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wata 'yar iska mai suna ozon, ita da zafin rana suna cin roba. Maganin nan yakan tsattsafo waje kaɗan kaɗan, ya tare ozon, garin haka sai ya zama ruwan ƙasa. A kan baƙar roba ba a cika lura da shi ba, a kan fara kuwa ba ya ɓoyuwa. Wato launin da ke ba mu haushi alama ce maganin yana aikinsa. Ko an wanke zai dawo.

To, me fetur yake yi? Fetur da kananzir da man gas da baƙin mai duk suna shiga roba, su tausasa ta, su wanke maganin da ke tsaronta. Yau rubutu ya yi fari, gaba bango ya bushe ya fara tsagewa. Mota ɗauke da buhu talatin daga Doguwa, taya ta fashe a tsakiyar dajin Falgore, ina za a sami mai faci? Mun fi so a ga rubutu ja-ja da a ji wannan labari.

Wankin da ya dace ba shi da wuya. A bari taya ta huce, a ajiye mota a inuwa. A zuba ruwa a sauke laka tukuna, domin yashi yana karce roba. Sai sabulu ko omo kaɗan da buroshi mai ɗan tauri, a goge baƙaƙen, a ɗauraye sosai. Sau ɗaya a mako ya isa. Tayar da aka ajiye, har da ta amalanken shanu, a sa ta a ɗaki mai inuwa, nesa da janareta da injin walda, gama tartsatsin lantarki yana haifar da ozon.

Tun da mun durƙusa muna wanki, sai mu karanta ƙananan baƙaƙen kuma, don sun fi fararen amfani. A nemi inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne lokacin da aka yi tayar: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta huɗu. In kun ga uku kaɗai, tayar ta girmi wannan shekara, kada ku saya. Kamfanin Michelin ya ba da shawara a riƙa duba taya kowace shekara in ta yi shekara 5 tana aiki, a canza ta in ta kai 10. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin tayoyin gwanjo sun cika kasuwa, kuma mai sayarwa ya iya wanke tsohuwa ta yi ƙyalli.

A taro mai zuwa, ma'aji ya zo da lambobin tayoyin motar ƙungiya, har da safaya, a rubuta su cikin littafin kaya.