Injin iska mai "wat 400": me zai iya bayarwa a bakin tafkin Kainji?

Duk wanda ke bibiyar kasuwannin intanet ya ga tallan ƙaramin injin iska mai fukafukai uku, an rubuta masa "wat 400". Ga matashin da ke sana'ar cajin waya a Yauri, Ngaski ko Shanga, abin na da jan hankali: ga iskar tafki kyauta, kuma tana kaɗawa har da dare, lokacin da sola ke barci. Sai dai kafin a tura kuɗi, akwai lissafin da ya kamata a yi.

A 1919 wani masanin kimiyya Bajamushe, Albert Betz, ya nuna cewa babu injin da zai kwashe fiye da kashi 59.3 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa shi. Dalilin ba shi da wuya. Idan injin ya shanye ƙarfin duka, iskar za ta tsaya cak a bayansa, ta tare wa mai zuwa hanya. Manyan injinan zamani kan kai kashi 45 zuwa 50, ƙananan kuwa da ƙyar suke wuce kashi 30.

Babbar matsalar ma tana wajen gudun iska. Idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin yakan ninka takwas. Idan ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ne ke saura. A ɗauki injin da faɗin zagayen fukafukansa ya kai mita 1.2. A iskar mita 12 a daƙiƙa, irin wadda ke zuwa gaban hadari, zai iya kusantar wat 400 ɗin da ke jikin kwali. A iskar mita 4 a daƙiƙa, wadda ke kaɗa ganye da ƙananan rassa, abin da zai bayar bai wuce wat 13 ba. Cajar waya ɗaya ke nan. Ba ƙarya mai talla ya yi ba, gudun iskar ne bai faɗa ba.

Maganin shi ne dogayen fukafukai da dogon turke, domin iskar sama ta fi ƙarfi. A nan kuɗi ke shiga. Ninka tsawon fiffike na ninka wutar sau huɗu, amma nauyinsa na ƙaruwa fiye da haka, ga ƙarfe, ga siminti, ga gyaran da ƙurar hunturu ke jawowa. Tashar Lambar Rimi a jihar Katsina na da injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne kilowat 275 a kan turken da ya haura mita 50, duka-duka megawat 10. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, an girka mata injinan da suka kai megawat 760, saboda ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800.

Don haka mai son saye ya fara tambayar faɗin fukafukan da gudun iskar da aka auna wat ɗin a kai, ya duba matsakaicin gudun iskar garinsu a shafin Global Wind Atlas, wanda kyauta ne a waya, sannan ya kwatanta farashin injin, turke da batir da na faifan sola.