Kada Kwabo Ya Salwanta Tsakanin Manhaja da Rumbun Bayanai

Matasanmu da ke haɗa wa masu shaguna manhajar lissafi a Ƙofar Marusa da kewaye, akwai matsalar da ke cin kuɗin mutane ba tare da an ankara ba: manhaja ta aika lamba mai ɗigo, rumbun bayanai ya dunƙule ta.

Ɗauki harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Kayan naira 1,250, harajinsu naira 93.75 ne. To idan a umarnin da ka ajiye cikin SQL Server ka rubuta wa gurbin harajin DECIMAL kawai, zai ɗauke shi DECIMAL(18,0), wato babu ko lamba ɗaya bayan ɗigo. Sai 7.5 ya zama 8, haraji ya tashi naira 100, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. MySQL ma haka yake, nasa (10,0) ne. Da yamma mai shago ya danna kalkuleta, ya ga rasit bai yi daidai ba, ya hau zargin yaronsa. Wannan zargin shi ya fi damuna, domin yaron bai taɓa ko sisi ba.

Don haka ka fayyace. Kuɗi ka ba su DECIMAL(18,2). Idan a matsayin 0.075 kake aika harajin, lamba biyu ba ta isa ba, 0.08 zai koma. Ba shi huɗu.

Sannan ka koma ɓangaren manhaja, ka sa ma'auni iri ɗaya. A C#, ka gina gurbin da SqlDbType.Decimal, ka cika Precision da Scale da hannunka, musamman gurbin da zai dawo maka da amsa. A Java, BigDecimal za ka riƙe, ka gina shi daga rubutu. Float da double kuwa ka nisanta su da kuɗi, a wurinsu 0.1 da 0.2 ba sa haɗuwa su ba da 0.3 cif.

Kada kuma ka liƙa lamba cikin jimlar SQL kamar rubutu. Abokin cinikinka daga Maraɗi yana iya zuwa da kwamfuta mai saitin Faransanci, wadda ke rubuta 93,75 da waƙafi, rumbu ya karanta ta lamba biyu daban.

Kafin ka miƙa aiki, shigar da 0.05 da 1,343.75, ka buɗe teburin ka gani da idonka ko haka suka zauna.