Yadda ake jera bayanan fayil ɗin XML da gajeren shirin Python

Duk wanda ya taɓa aikin tattara bayanai da waya a ƙauyukan Gwarzo ko Kabo, na rigakafi ne ko na ƙidayar rijiyoyin burtsatse, ya riga ya yi hulɗa da XML ko da bai sani ba. Manhajar ODK Collect tana ajiye kowane fom da aka cike a wannan tsari, wanda ƙungiyar W3C ta tabbatar da shi tun 1998. Idan aka tattara bayanan a fayil guda, yadda aka shigar da su haka za su zo: na Getso nan, na Garo can, na Kutama a tsakiya. Jera su da hannu ɓata lokaci ne, kuma alama ɗaya tak mutum ya goge bisa kuskure, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa.

A ce fayil ɗinka sunansa rijiyoyi.xml, kuma kowace rijiya haka take a ciki:

```
<rijiya>
  <mazaba>Getso</mazaba>
  <unguwa>Ƙofar Gabas</unguwa>
  <zurfi>45</zurfi>
</rijiya>
```

Mataki na farko. Kwafi fayil ɗin ka ajiye a wani wuri daban kafin ka taɓa komai. Sannan ka tabbata kana da Python 3.9 ko wanda ya biyo bayansa. In babu kwamfuta a kusa, manhajar Pydroid 3 tana yin aikin a wayar Android.

Mataki na biyu. Buɗe sabon fayil, ka sa masa suna jera.py, ka rubuta wannan:

```
import xml.etree.ElementTree as ET
bishiya = ET.parse("rijiyoyi.xml")
tushe = bishiya.getroot()
tushe[:] = sorted(tushe, key=lambda r: r.findtext("mazaba", ""))
ET.indent(bishiya)
bishiya.write("jerarre.xml", encoding="utf-8", xml_declaration=True)
```

Layi na huɗu shi ne mai aikin. Yana kwashe rijiyoyin duka, ya jera su bisa sunan mazaɓa, ya mayar da su mazauninsu. Kowace rijiya tana tafiya da unguwarta da zurfinta, babu mai rabuwa da kayanta. Layi na biyar yana daidaita tazarar layuka don a ji daɗin karantawa. A na ƙarshe kada ka yarda ka cire utf-8. In ka cire, duk inda ƙ take za ka tarar da &#409; a gurbinta. Bayanin bai lalace ba, amma wanda ka miƙa wa ba zai gane abin da yake gani ba.

Mataki na uku. Nan ne ya kamata Bahaushe ya tsaya ya natsu, domin yawancin darussan intanet ba su san da wannan matsala ba. Kwamfuta lamba take bi wajen jeri, kuma lambobin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk sun fi ta z girma. Idan ka jera da unguwa, Ƙofar Gabas za ta faɗa can ƙarshe, bayan Zango. Sunan da ya fara da 'Yan kuma zai haye saman kowa, saboda lambar waƙafin sama ƙarama ce. Jami'in da ya duba wajen K bai ga unguwarsa ba zai ɗauka an manta da ita, wataƙila ma ya sake shigar da ita, rijiya ɗaya ta zama biyu a lissafi. Maganin shi ne ka koya wa shirin abacadar Hausa. Sa wannan a sama da layin jeri:

```
def mabudi(s):
    s = s.strip().lower().replace("’", "'")
    for a, b in [("ɓ","b~"), ("ɗ","d~"), ("ƙ","k~"), ("ƴ","y~"), ("'y","y~")]:
        s = s.replace(a, b)
    return s
```

Alamar ~ tana zuwa bayan z, saboda haka duk mai ƙ zai zauna bayan masu k, kafin a shiga l. Na haɗa ƴ da 'y da gangan: a Nijar da ƴ ake rubutawa, a Najeriya an fi amfani da 'y, kuma fayil ɗaya kan ƙunshi duka biyun. Wannan canji a wajen auna jeri kaɗai yake aiki, sunayen da ke cikin fayil ba a taɓa su ba. Shirin yana kuma share sararin da yatsa kan bari a gaban suna, ya daidaita manya da ƙananan baƙaƙe, don kada "garo" ta rabu da "Garo".

Yanzu sai ka sauya layin jeri, mazaɓa da farko, unguwa a cikinta:

```
tushe[:] = sorted(tushe, key=lambda r: (mabudi(r.findtext("mazaba", "")), mabudi(r.findtext("unguwa", ""))))
```

Mataki na huɗu. Idan da zurfi za ka jera, mayar da shi lamba tukuna da int(r.findtext("zurfi") or 0). In ba haka ba, 100 za ta riga 45, domin shirin harafin farko yake kallo. Wanda aka bari babu komai zai zama sifili ya taru a sama, abin da ke da amfani, don nan take za ka ga rijiyoyin da ba a auna ba.

Mataki na biyar. Gudanar da shirin da python jera.py, ka buɗe jerarre.xml a burauza. Ƙirga rijiyoyin da print(len(tushe)) ka gwada da adadin da ka sani. Gwarzo mazaɓu 10 gare ta, Kabo ma 10. Idan jerin ya nuna maka sunayen mazaɓu sun haura 20, to an rubuta wata mazaɓa iri biyu, kamar Jama'a da Jamaa, sai ka gyara.

Abu biyu za ka kiyaye. Wannan ɗakin karatu na ElementTree yana zubar da bayanan gefe da aka rubuta tsakanin <!-- da -->, don haka in akwai su kuma kana bukatarsu, yi amfani da ɗakin karatu na lxml a madadinsa. Na biyu, bayanan da aka tattaro kaɗai ake jerawa. Kada ka kuskura ka jera fayil ɗin fom ɗin kansa, domin a can jerin shi ke nuna tambayar da za ta fara fitowa a waya da wadda za ta biyo ta.