Yadda Ake Ajiye Ƙaguwar Laka da Ranta

Ƙaguwar laka ba irin 'yar ƙaguwar da yara ke tonowa a bakin rafi ba ce. Ƙatuwa ce, tana iya haura kilo ɗaya, tana zama a ramuka cikin lakar dazuzzukan bakin teku, inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri, tun daga gaɓar Kenya da Mozambik har Bangaladash, Filifin da arewacin Ostareliya. Kuɗinta duk yana ga ranta. Da ta mutu namanta ke fara lalacewa, shi ya sa masu gidajen abinci a Singafo ko tayin matacciya ba sa yi.

Ana fito da ita daga tarko sai ɗauri. Hannayenta biyu na gaba kamar awartakin maƙeri suke, suna iya fasa yatsa. Mai kamu yakan danne bayanta, ya zagaya igiya ta kan hannayen, ya manne su da jikinta, ya ƙulle ta baya. In aka zuba su kwando ɗaya babu ɗauri, kafin a isa gari an sami masu karyayyun ƙafafu, mai rauni kuwa ba ta daɗewa.

Inda sabon shiga ke yin asara shi ne wajen ruwa. Sai ya ga ai dabbar ruwa ce, ya cika bokiti ya dulmuya su ciki, wai tausayi. Cikin 'yan sa'o'i sun shanye iskar da ke ruwan, ƙazantarsu ta gurɓata shi, su mutu. Alhali ƙaguwar laka tana iya yin kwanaki a waje muddin gaɓoɓin numfashinta na da laima. Don haka jera su ake yi a kwando ko akwati mai huji, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ba ta kaɗawa, a riƙa yayyafa ruwan zartsi. Yanayin da ya fi musu shi ne digiri 18 zuwa 25. Firji kashe su yake yi, haka ma ƙanƙara in ta taɓa jikinsu, don 'yan ƙasar zafi ne. A kuma tsare su daga ƙudaje.

Sai dai zaman waje yana tara musu ammoniya a jini. In ajiyar za ta wuce kwana biyu ko uku, akan mayar da su cikin ruwan zartsi mai tsabta na ɗan lokaci, injin hura iska na aiki, su fitar da dattin jikinsu. Gishirin ruwan ya kasance giram 15 zuwa 25 a kowace lita. Na teku kusan 35 ne, shi ya sa ake sirka shi. Ruwan famfo mai kulorin bai dace ba.

Doguwar ajiya kuwa kiwo ce. A Satkira ta Bangaladash da Dabaso kusa da Watamu a Kenya, akan sayi ƙaguwar da ba ta daɗe da yin saɓa ba da araha, don ɓawonta babba ne amma cikinsa ruwa ya fi nama yawa. Kowace a ba ta ɗakinta ita kaɗai, a kejin gora ko akwatin roba da ke cikin ruwa. Dalili kuwa suna cin junansu, musamman wadda ta yi saɓa jikinta na da laushi. Murfi ya zama mai ƙulli, don gwanayen hawa ne. Abincinsu yankakken ƙaramin kifi ne ko naman dodon koɗi, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsu a rana, mafi yawa da yamma tunda da dare suke kiwo. Abin da suka rage a kwashe da safe kafin ya ɓata ruwa.

Kullum a duba su. Lafiyayya in an taɓa kusa da idonta sai ta janye shi nan take, in an ɗaga ta ƙafafunta na motsi da ƙarfi. Wadda ƙafafunta suka saki suna reto, a ware ta. Bayan mako 2 zuwa 4 sai a juya ta, a danna ɓawon ƙirjinta da babban yatsa. In ya lotsa, a mayar da ita keji. In ya yi tauri, ta cika, sai a ɗaure ta a kai kasuwa.