Bitar Noman Rani: Shawarwari Ga Gidajen Manoma a Kura da Bunkure

Da watan Afrilu ya kama, an kwashe alkama, tumatir ya fara ja da baya saboda zafi, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisun Kura, Bunkure da Garun Malam: "Bana buhu nawa?" Mutum ya ce ashirin, a yi masa barka, a wuce wata hirar. Ba mai tambayar nawa ya zuba kafin ashirin ɗin su fito. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa zuwa gonakin nan. Har jikoki sun gaji aikin, amma gidaje da yawa da ka suke lissafi.

Masu buga golf a filinsu na cikin Kano ba sa barin fili sai kowa ya cika katinsa: rami 18, kowanne da yawan bugun da ya ci. Ƙarshen shekara mutum ya baje katunan, ya gano ramin da ke cinye masa maki, ya koma ya yi ta gwaji a kansa. Wasan na masu hali ne, amma ɗabi'ar ba ta buƙatar ko sisi. Ga yadda gidan manomi zai yi tasa bitar.

1. Kowace gona da shafinta. A sayi littafi ɗaya na 'yan makaranta, kada a haɗa gonar alkama da ta tumatir a shafi guda, domin ribar ɗaya tana rufe asarar ɗaya, shekara da shekaru ba a gane ba. A rubuta kuɗin haya, kuɗin tarakta, iri, taki, maganin feshi, kuɗin ruwa, fetur idan ana ja da inji, 'yan ƙwadago, yaran korar tsuntsu, casa, buhunan zubawa da dako. Abin da aka fi mantawa shi ne wanda ya fita daga cikin gida. Ranar dashe uwargida ta dafa shinkafa da wake kwano uku, ta zuba mai da yaji, yaro ya ɗauka a kai zuwa gona. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin kuɗi, alhali daga rumbu ya fito. A rubuta shi. Idan maigida ba ya boko, ajami ya isa, ko a ɗora wa ɗan da ke sakandare, ya riƙa zama da shi bayan sallar isha'i minti biyar. Rubutun ranar ake so. Wanda aka tattaro bayan wata uku rabinsa ƙiyasi ne.

2. Buhu ba ma'auni ba ne. Wani buhun an ɗinke shi da baki, wani an yi masa hula har yana neman fashewa. A auna biyu ko uku a sikeli a san kilo. Haka girman gonar: hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, kuma malamin gona yana iya auna ta da waya. Sai an san waɗannan biyun za a iya cewa bana ta fi bara.

3. A duba ranar shuka kafin a zargi taki. Alkama sanyi take so. Lokacinta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa tsakiyar Disamba, domin ta yi fure ta cika ƙwaya hunturu bai janye ba. Wadda aka shuka a Janairu zafin Maris ke riskarta tana tsakiyar cika, sai ƙwayar ta motse, kan ya yi kyau a ido amma buhu ba nauyi. Sau da yawa laifin ba na rani ba ne, tun damina aka yi shi: shinkafa ta makara a gona, aka rasa lokacin gyara ƙasa. Wanda ke son alkama ta biyo baya ya nemi shinkafa mai saurin nuna irin FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, kuma ya dasa irin yana da kamar mako uku. Irin da ya tsufa a gadonsa ba ya 'ya'ya sosai.

4. Ruwa. A rubuta ranakun da aka samu da ranakun da aka yi jira. Mai gona a bakin kanal da mai gona a wutsiya ba wasa ɗaya suke ba, kada na wutsiya ya gwada kansa da na sama ya karaya. Idan littafi ya nuna ruwa ya yi ta yankewa, to maganar ta wuce gida ɗaya, ta ƙungiyar masu amfani da ruwa ce, da yashe magudana, da cire kacala wadda ke toshe hanya. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da manyan kanal, amma ƙananan da ke shiga gonaki aikin gayya suke jira. Ga kuma akasin haka, wanda na fi gani a wajen na sama: mutum ya saka tiyo ya tafi shan shayi, fangali ya cika ya tumbatsa. Yawan ruwa yana wanke yuriya, yana shaƙe saiwa, kuma a hankali ya taso da gishirin ƙasa har ka ga farin kanwa a kan kunya.

5. Taki a raba shi. Kamfa wajen shuka, yuriya kashi biyu daga baya, a kan ƙasa mai danshi, ba a cikin ruwa mai gudu ba. Takin gida a kai shi kafin huɗa.

6. Tumatir na buƙatar bita ta daban, don shi ne ke sa mutum dariya da kuka a mako guda. Ba wanda ya manta 2016, lokacin da tsutsar nan da ake kira Sharon ta share gonaki a Kadawa da kewaye, kuma ba ta tafi ba. Tana shiga cikin ganye ta ci daga ciki, shi ya sa feshin sama ba ya kai mata yadda ake so. A duba littafi: magani ɗaya aka yi ta maimaitawa? To ta saba da shi, a riƙa sauyawa da shawarar malamin gona. A tuge karan da aka gama girbi a ƙone, kada a bar mata masauki, kuma kada tumatir ya bi tumatir a gona ɗaya. Albasa, masara ko alkama su shiga tsakani. Sai farashi. Kowa ya dasa lokaci guda, kowa ya kai kasuwar Kwanar Gafan lokaci guda, kwando ya faɗi har kuɗin mota ya gagara. A raba dashen kashi biyu ko uku da tazarar makonni, a kuma tanadi wurin shanya mai tsabta, kan tabarma ko leda, ba kan ƙasa ba.

7. A zauna da matan gida kafin a kira dillali. A fara fitar da zakka idan hatsi ya kai nisabi: ɗaya cikin goma ga abin da aka shayar ba wahala, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka ja wa ruwa da inji, kuma a tambayi malami wanne ya hau gonarka. Sannan abincin gida, sannan iri, sannan bashi. Matan Kura sun san turara shinkafa, sun san bambancin kuɗin shanshera da na gyararriya. Idan uwargida za ta turara buhu biyar, a sayar mata da farashin kasuwa a rubuta, ribar ta zama tata. Hakan ya fi a ce "ai duk namu ne", sannan a yi rigima ranar biki.

8. Gyara biyu ya isa a shekara. Wanda ya sauya iri, taki, magani da ranar shuka gaba ɗaya, ko ya samu ba zai san abin da ya ba shi ba. A zaɓi wuri biyu da littafi ya nuna kuɗi ya fi zurarewa. Sabon iri kuwa, ko na tashar binciken Kadawa ne ko na maƙwabci, a fara gwada shi a fangali kaɗan gefen tsohon, ruwa ɗaya, taki ɗaya, a auna su daban ranar girbi.

Maigida, kada ka jira Nuwamba. Shinkafar damina na gab da shiga gona, ka buɗe mata shafi tun ranar da ka biya kuɗin tarakta.