Kalmar "Daji" da Giɓin Alƙaluman Mace-mace a Talata Mafara, Bakura da Maradun

Alƙaluman ciwon kansa a Nijeriya sun dogara ne ga rajistocin da ake tattarawa daga asibitoci, tun daga ta Ibadan da aka kafa a 1960. Sai dai a Talata Mafara, Bakura da Maradun, ma'anar "daji" ta zarce abin da likita ke nufi da kansa: takan haɗa da gyambon da ya ƙi warkewa, da kumburin da ake jingina wa iskoki. Majinyaci mai wannan fahimta wurin mai maganin gargajiya yake farawa. Kafin a kai shi Gusau ko Sakkwato, ciwon ya ci jiki. In ya cika a gida, ranar ake yi masa sutura, galibi ba tare da rajistar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba.